Hanji da lafiyar maza: Abin da bincike ya tabbatar da abin da masu talla suka ƙara

Masu tallar maganin basir da lasifika a tashoshin mota sun daɗe suna cewa rashin ƙarfin namiji daga ciki yake farawa. Yanzu masu sayar da ƙwayoyin "gyaran hanji" a Facebook da TikTok sun ɗauki maganar, sun yafa mata rigar kimiyya. Alaƙar tana nan, amma ba ta kai faɗin da ake yi mata ba.

Babban hanji ne matattarar mafi yawan bakteriyar da ke jikin mutum, waɗanda wani ƙiyasi na 2016 ya ce sun kai tiriliyan 38. Furostet kuwa ƙaba ce mai girman goro a ƙarƙashin mafitsara, kuma tana jingine da ƙarshen hanji. Abin da likitoci ba su da saɓani a kansa shi ne, E. coli, wadda ke zaune lafiya a hanji, ita ce ta fi haddasa kumburin furostet mai zuwa da zazzaɓi da zafin fitsari, idan ta bi hanyar fitsari ta hau.

Batun kansa ya fi sarƙaƙiya. Kansar furostet, wadda ta fi kowace kansa kama maza a Najeriya, tana girma ne da sinadaran namiji irin su testosteron, shi ya sa ake ba majinyaci maganin da ke danne su. A 2021 mujallar Science ta wallafa binciken masana daga Suwizalan da Birtaniya da ya nuna cewa wasu bakteriyar hanji, kamar Ruminococcus, kan ƙera waɗannan sinadarai da kansu, su ci gaba da ciyar da kansar. An ga haka a ɓeraye da kuma samfurin bayan gidan majinyata. Bincike ne mai nauyi, amma bai zama magani ba tukuna.

Game da ƙarfin gaba, hanyar ta zagaye ce. Wasu bakteriya na sarrafa sinadaran jan nama da ƙwai, hanta ta mayar da su TMAO, wanda masu bincike a asibitin Cleveland da ke Amurka suka danganta da toshewar jijiyoyin jini a 2011. Jijiyoyin azzakari sun fi na zuciya sirantaka, don haka rauninsa kan riga ciwon zuciya bayyana. Mai wannan matsala awon suga da hawan jini ya fi buƙata, ba kwalbar da aka saya a intanet ba. Hukumar NAFDAC ma ta sha gargaɗi kan magungunan ƙarfin maza da ake cakuɗa wa sildenafil, sinadarin Viagra, a ɓoye.

Inda lamarin ya taɓa gwamnati kai tsaye shi ne kantin magani. Doka ta ce sai da takardar likita ake sayar da antibayotik, amma kowa ya san yadda ake sayen Ampiclox da Flagyl a unguwa, sau da yawa don "wankin ciki" ko "sanyi". Kowane zagaye yana kashe bakteriya masu amfani, ya bar masu taurin kai su yaɗu. Magunguna kaɗan ne ke iya ratsa furostet, siprofuloksasin na cikinsu, kuma E. coli na ƙara bijire masa. Idan ya daina aiki, abin da ya rage wa majinyaci sau da yawa shi ne allura a gadon asibiti, da kuɗin aljihunsa.