Takardun Mota Sun Cika, Saura ta Masana'anta

A cinikin mota a Sakkwato, da an gama zagaya ta an saurari ƙarar inji, sai maganar takardu ta taso. Akwai ta kwastam? An biya diyuti? Lasisi da inshora fa? Mai saye yana da gaskiyarsa, domin tsakanin garin da iyakar Illela bai kai kilomita 100 ba, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. Wanda ya kwashi mota marar diyuti yana iya rabuwa da ita a shinge ɗaya. Sai dai duk takardun nan magana ɗaya suke yi: motar ta wane ce, kuma hukuma ta karɓi haƙƙinta. Babu wadda ke faɗin abin da aka ɗaura wa motar ranar da aka haɗa ta. Wannan aikin wata takarda ce dabam, ta masana'anta, wadda da wuya ka ji dillali ya ambata.

Asalinta ba don mai mota aka yi ta ba. Idan mutum ya je wurin wakilin kamfani ya ce shi motar oda yake so, ya zaɓi launi, girman inji, irin giya, kujerun fata ko na yadi, da na'urar sanyaya ciki, wakilin zai mayar da kowane zaɓi lamba ya aika masana'anta. Can sai a buga lambobin a takarda ɗaya, a liƙa ta jikin ƙwarangwal ɗin motar, ta riƙa bin layin haɗi. Mai ɗaura inji ya duba layinsa, mai fenti ya duba nasa, mai shimfiɗa waya haka. Ko motar da ba ta oda ba ce tana da irin wannan bayani, don ba yadda za a yi ma'aikaci ya haddace abin da kowace mota ke buƙata alhali ɗaruruwa na wucewa ta gabansa kullum. Ita ce dai takardar haihuwar mota.

A masana'antun Amurka na shekarun 1960 da 1970, da an gama aiki takardar ta zama shara. Ma'aikata kan cusa ta cikin wayoyin ƙarƙashin kujera, ko ƙarƙashin kafet, ko su bar ta manne a saman tankin mai. Yau masu tara tsofaffin motoci har kujera suke kwancewa, su sauke tanki, don neman wannan ɓallen takarda da ya sha tsatsa da danshi. Dalilin kuɗi ne. Motoci biyu masu kama ɗaya, idan takarda ta tabbatar ɗaya da babban injinta ta fito, ɗayar kuwa daga baya aka dasa mata, farashinsu ba ya ko kusa. Har sana'a ta tsiro a kai. Gidan tarihin Corvette da ke Bowling Green a jihar Kentucky yana sayar da kwafin takardun motocin da aka haɗa a masana'antar garin tun daga 1981. Kamfanin Marti Auto Works yana fitar da rahoto daga kundin Ford na motocin 1967 zuwa sama. A Jamus, Mercedes-Benz na ajiye katin bayanan motocinsa, mai ɗauke da lambar inji, ta giya, ta fenti da duk ƙarin da mai oda ya nema. A Ingila kuma gidan tarihin motoci na Gaydon yana ba da shaidar ranar haɗi, launi da inda aka aika mota ga irin su Land Rover, Austin da Morris, wato motocin da iyayenmu suka sani a zamanin En'e. Inda kuɗi ya shiga kuwa, 'yan jabu ba sa nisa, don haka can ma akwai masu buga takardar ƙarya su tsufar da ita.

Mu nan ba ado ne ya kai mu ba, larura ce. Ƙofar Marke ɗaya ce daga tsofaffin ƙofofin birnin Shehu, kuma kamar sauran unguwannin cikin gari, akasarin motocin da ke kwana a ƙofar gidajenta sun yi wata rayuwa a wata ƙasa kafin su zo. Wata daga Amurka, wata daga Beljiyam, wata ta Dubai. Suna ɗaya suke amsawa, amma ciki ya sha bamban. Ɗauki Corolla ta tsakanin 2003 da 2007. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka injin lita 1.8 gare ta, mai suna 1ZZ. Ta Turai galibi 1.4 ce ko 1.6, wato 4ZZ da 3ZZ. Idan ƙwaƙwalwar inji ta ƙone aka aiki yaron gareji kasuwa da sunan mota kawai, sa'a ce za ta sa ya dawo da daidai. Sai an yi sahu biyu ko uku, mai shago ya fara ɗaure fuska, sannan babban makaniki zai taso ya buɗe ƙofar direba, ya tofa yawu a babban yatsa ya murje ƙurar da ta rufe 'yar takardar da ke manne a ginshiƙi, ya ƙanƙance ido ya karanta.

"Alhaji, ai wagga ba 'yar Amurka ta ba, 'yar Ingila ta. Shi yas sa abin da munka sawo bai hau ba."

Da tun farko nan aka fara dubawa, da ba a yi asarar yini da kuɗin kabukabu ba.

Abin da ya karanta shi ne lambar shasi, kuma ita ce mabuɗin takardar masana'anta. Tun daga 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da lambobi 17, ba a sa I, O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Ana samun ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, sannan a buge a ƙarfen motar kanta. Ukun farko suna nuna kamfani da ƙasa: JT Toyota ce ta Japan, 4T1 ta Kentucky, 2T1 ta Kanada, SB1 ta Ingila, VF3 Peugeot ce ta Faransa, WVW kuma Volkswagen ta Jamus. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma shi ke faɗin shekara: Y ita ce 2000, lambobin 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010, B 2011, haka har gaba. Wannan harafi ɗaya ya isa ya tona asirin motar da aka sauya wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekara uku ko huɗu a baki. Amma a yi hattara, ba duk motar Turai ce ke bin wannan tsari ba. Volkswagen na bi, tsofaffin Peugeot da Marsandi na kasuwar Turai ba sa bi. Hukumar kwastam ma ta gane amfanin lambar, shi ya sa a 2022 ta koma ƙiyasta diyuti da ita, abin da ya jawo yajin aikin masu fiton kaya a tashoshin Legas.

Da lambar nan wakilin kamfani kan iya zaro cikakken bayanin motar daga kwamfuta, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka tana da shafin intanet na kyauta da ke warware ta. Wasu kamfanonin ma sun bar taƙaitaccen bayanin a jikin motar. Mai Golf ya ɗaga shimfiɗar but ya duba kusa da safayar taya, zai ga farar takarda cike da lambobi masu harafi uku-uku, har da na inji, giya da fenti. A Toyota kuwa, layin da aka rubuta C/TR a jikin ƙofa shi ne launi da kayan ciki. Mai fenti da ya san wannan ba ya tsayawa haɗa kala da ido a cikin rana. Akwai kuma batun sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, amma har yau ana shigo da motocin da aka yi wa Ingila ko Japan a juya musu sitiyari a gareji, aikin da ke taɓa birki da wayoyi. Bayanin masana'anta zai nuna gefen da sitiyarin ya fito.

Iyakarta ke nan fa. Takardar ba ta san abin da ya faru bayan mota ta bar ƙofar masana'anta ba. Ba za ta ce ta yi haɗari an sayar da ita a gwanjon inshora ba, ko ta kwana cikin ambaliya irin ta guguwar Harvey da ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Texas a 2017. Wannan sai rahoton tarihin mota irin na Carfax, shi ma da lambar shasi ake nemansa. Wanda ya ƙirga miliyoyi ba tare da ya duba ko ɗaya ba, cinikin biri a sama ya yi.

Abin da ya fi damuna shi ne motocinmu na gida. Masana'antar Peugeot ta kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, ta yi shekaru kusan 30 tana fitar da 504, motar da ta zama ta gwamnati bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun 1976. Marsandin da aka harbe shi a ciki tana gidan tarihi na Onikan a Legas, ta samu mai kula da ita. Amma dubban 504 da ma'aikatu, masarautu da direbobin tasha suka yi odarsu, masu but da dogaye da akori-kura, 'yan gwangwan ne ke yanka su ɗaya bayan ɗaya, farantin lambar da ke ƙarƙashin bonet yana tafiya tare da ƙarfen a kan sikeli. Mai irin wannan mota a Ƙofar Marke ko wata unguwa, ko da ta daɗe a kan duwatsu, ya ɗauki hoton farantin, ya haɗa da rasiɗin farko da littafin sabis ya adana. Su kuwa kamfanin PAN da hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, ya kamata su tattara bayanan haɗin Kaduna wuri ɗaya, su buɗe teburin da mai mota zai kawo lambar shasi, ya biya kuɗi kaɗan, a ba shi shaidar ranar haɗi, launi, lambar inji da ma'aikata ko dilan da aka fara miƙa wa motar.