Yadda Ake Gane Baƙin Ƙuda da Ƙwarin da ke Hawansa

A cikin ƙananan ƙudajen da ke shawagi a bakin rafukan dutsen Jos, wanda ya wajaba jama'a su sani shi ne baƙin ƙuda, wanda masana ke kira Simulium damnosum, domin shi ke yaɗa makantar kogi. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ko 4 ba, watau bai kai ƙwayar shinkafa ba. Baƙi ne, gajere, mai ƙusumbi kamar tozon sa. Fukafukansa masu faɗi ne, garau, kuma akwai farin zobe a ƙafafunsa na baya. Tamatar ce kaɗai ke cizo, da rana, galibi daga gwiwa zuwa ƙasa. Ba ya haihuwa a kududdufi kamar sauro, sai a ruwa mai gudu da ƙarfi a kan duwatsu, irin na gangaren Assop da ke hanyar Jos zuwa Akwanga.

Wanda ya duba ƙuda da gilashin ƙara girma yakan ga wasu 'yan ɗigo ja-ja manne a jikinsa. Waɗannan ƙwari ne dangin kaska. Na jikin baƙin ƙuda 'ya'yan wani ƙwaron ruwa ne, masu ƙafa 6. Sukan tsotsi jikinsa kwanaki kaɗan, sa'an nan su faɗa ruwa su girma. Na jikin ƙudan gida kuwa manya ne masu ƙafa 8, kuma abin hawa kawai suka mai da shi, daga wannan juji zuwa wancan, inda suke cinye ƙwan ƙuda. Makiyayi da mai kiwon kaji ba su da abin zargi a kansu.

Ko ɗaya cikinsu ba ya kawo makanta. Tsutsar cutar tana can cikin jikin ƙudan, ido ba ya ganinta, saboda haka ƙudan da babu kome a bayansa ba lalle ne ya zama mai lafiya ba.

A shekarar 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta dakatar da rabon maganin Mectizan domin wannan cuta a jihohin Filato da Nasarawa, bayan bincike ya nuna ta daina yaɗuwa. Amma ƙudan yana nan, kuma mutane suna shigowa daga wuraren da cutar ba ta ƙare ba. Duk wanda ya ga cizo ya yawaita a ƙauyensu, sai ya kama 'yan kaɗan ba tare da ya murje su ba, ya zuba a kwalba mai murfi, ya rubuta sunan rafin da ranar kamu, ya kai wa ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukumarsa.