Abin da Jini Ke Faɗi Game da Mai Ciwon Daji

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu mun taɓa kai ɗan'uwa babban asibiti, likita ya ce ciwon daji ne, watau sankara. Tambayar da ke zuciyar kowa ɗaya ce: zai tashi? Da amsar nan ne iyali za su san ko a sayar da shanun huɗa, ko a ci rance daga ƙungiya. Saboda haka ya kamata mu san yadda likita yake kirdadonsa, musamman abin da yake nema cikin jini.

Abin da yake fara dubawa shi ne ƙarin kansa: irinsa, girmansa, da inda ya yaɗu. Amma an daɗe da lura cewa mutum biyu sukan zo da ƙari iri ɗaya, girma ɗaya, wannan ya yi shekaru, wancan kuwa ya rame ya ƙare cikin watanni. Mu manoma ba za mu yi mamaki ba. Wuta-wuta takan fito a gonakin dawa biyu, mai taki ta jure ta ba da 'yan dammuna, wadda ƙasarta ta gaji kuwa ko iri ba a samu. Ƙari shi ne wuta-wuta, jiki shi ne ƙasa. Awon jini yana nuna halin da ƙasar take ciki.

Mun san kumburi. In fartanya ta sare mu, wurin yakan kumbura ya yi zafi, domin fararen ƙwayoyin jini sun taru suna yaƙi. Wannan yana da amfani in ya yi aikinsa ya wuce. Ciwon daji kuwa yakan ta da kumburi a cikin jiki wanda ba ya wucewa, ba a kuwa ganinsa da ido. Tun 1863 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya ga fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari. Kumburin da ya daɗe yakan kashe marmarin abinci, ya cinye tsoka, har mutum ya kasa jure wa tiyata ko magani mai ƙarfi.

Hanta ce take tona asirin. In kumburi ya tashi, sai ta zuba wani sinadari cikin jini mai suna CRP, wanda aka gano a Amurka a 1930 cikin jinin masu ciwon huhu. A lokacin kuma takan rage yin wani mai suna albumin. A 2003 likitoci a birnin Gilasgo na Birtaniya suka haɗa awon biyu suka yi ma'auni. A yadda ake yawan aiki da shi yanzu, in CRP bai wuce miligiram 10 a litar jini ba, maki sifiri ne. In ya wuce, maki 1. In kuma albumin ya faɗi ƙasa da giram 35 a lita tare da haka, maki 2. Masu maki 2 ne suka fi saurin rasuwa, an kuwa ga haka a sankarar huhu, da ta hanji, da waɗansu da dama.

Akwai wani awo da ya fi wannan araha, domin daga ƙirgen jini na kullum ake fitar da shi. Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne. Niyutirofil sukan yawaita da kumburi, limfosait kuwa cikinsu ne ake samun masu kashe ƙwayoyin sankara. Sai a raba na fari da na biyu. Alal misali, 6,000 a raba da 2,000 ya ba da 3. A 2014 aka tattara bincike 100 na majiyyata fiye da 40,000, aka ga waɗanda lissafinsu ya yi sama, wajen 4 zuwa gaba, haɗarin mutuwarsu ya kusa ninka na sauran.

To, a nan ne muke so mu ja kunne. Lissafin nan na taron jama'a ne. Ba ya faɗin ranar kowa, akwai masu maki 2 da suka daɗe. Ba kuma shi ne awon gane sankara ba, sai an yanki ɗan naman ƙarin an duba.

A ƙasarmu kuma akwai ƙarin dalilin yin hattara. Zazzaɓin cizon sauro, da tarin fuka, da gyambo, duk sukan ɗaga CRP, wani lokaci har ya wuce 100. Rashin abinci mai gina jiki da ciwon hanta sukan sauke albumin. Yawancin binciken nan a Turai da Amurka da gabashin Asiya aka yi shi, inda zazzaɓin sauro ba ya damunsu kamar mu. Manomin da aka ɗebi jininsa a tsakiyar damina yana fama da zazzaɓi zai iya samun mugun maki wanda ba na sankara ba ne. A ganinmu kuskure ne babba iyali su ɗauke majiyyaci su koma gida saboda awo guda. Mu faɗa wa likita in akwai zazzaɓi ko tari, mu tambaye shi ko za a sake awon bayan an yi maganinsu, gama CRP yakan sauka cikin 'yan kwanaki in cutar da ta ɗaga shi ta warke.

Kada kuma mu je kemis mu sayi ƙwayoyin kumburi don mu sauke lambar. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan yi wa ciki miki su kuma taɓa ƙoda, balle ga wanda ya riga ya rame.