Wai Babu Komai a Yankari Sai Birai?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu duk lokacin da aka ambaci gandun dajin Yankari. Da zarar magidanci ya ce yana son kai iyalinsa, ko malamin makaranta ya ce zai kai ɗalibai, sai ka ji an tari numfashinsa: "Kada ka ɓata man motarka, Malam. Mun je bara, babu komai sai birai da ruwan wanka." Na ji ta a majalisar ƙofar gida, na ji ta a motar haya, kwanan baya ma na ji ta daga bakin wani dattijo da nake ganin girmansa, wanda ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Saboda haka ba zan ce masu faɗin ta sharri suke yi ba. Abin da idonsu ya gani suka faɗa. Inda nake da ja shi ne hukuncin da suka yanke wa daji sukutum bisa zaman da bai wuce awa uku ba.

Duk wanda ya faɗa mini wannan magana, tambaya biyu nake yi masa: a wane wata kuka je, kuma ƙarfe nawa kuka shiga dajin? Amsar kusan iri ɗaya ce. An taso daga Kano bayan sallar asuba, an ci kimanin kilomita 300 zuwa Bauchi, an tsaya karin kumallo da shan mai. Daga nan a kama hanyar Gombe, a karya a Dindima, a isa ƙofar gandun da ke Mainamaji. Mutane da yawa sun ɗauka da an kai ƙofa an iso, alhali akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin Wikki. Kafin a sauke kaya an kira azahar. A yi salla, a ci abinci, a hau motar zagaye rana na tsakiyar ka, a yi awa guda ana shan ƙura, a dawo a faɗa ruwa, la'asar na yi direba ya fara danna oda don kada dare ya yi a hanya. Galibi kuma ranar yawon Salla ce ko hutun ƙarshen shekara, lokacin da sansanin ke cike maƙil, kowace mota da nata kiɗan.

To, don Allah, a irin wannan lokaci ko saniyar da ke garken Bafulatani tana gindin bishiya tana tuƙa. Me zai fito da ɓauna fili ta tsaya a bakin hanya tana jiran baƙi daga Kano?

A ganina tushen kuskuren shi ne yawancinmu a gidan zu muka fara ganin namun daji. Wanda ya tashi yana zuwa gidan zu na Audu Baƙo ya saba da tsari guda: ka yanki tikiti, ka bi layi, ga zaki a kejinsa, ga kura, ga jimina, kowa da allon sunansa. Da wannan tunanin muke zuwa Yankari, muna jin tunda mun biya kuɗin shiga, wajibi ne a nuna mana zaki. Amma Yankari daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wato ya haura rabin jihar Legas, kuma hanyoyin da motar baƙi ke bi ɗan yanki ne kawai daga cikinsa. Dabbar da ke nan ba wanda ya ɗaure ta, ba wanda ke kai mata abinci. Ita take da gida, kai ne baƙo, kuma baƙon da ya zo ba a kan lokaci ba ya kan tarar masu gida sun shige.

Duk da haka, adalci ne in amince da abin da yake gaskiya a maganarsu. Yankarin yau ba Yankarin da ba ce. An keɓe dajin a 1956, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disambar 1962. A 1991 ya shiga jerin gandun dajin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 aka mayar da shi ga gwamnatin jihar Bauchi, duk da har gobe wasu da tsohon matsayinsa suke kiransa. A tsawon waɗannan shekaru an yi asara mai yawa. Annobar bushiya da ta kashe shanu a shekarun 1980 ba ta bar ɓauna ba. Farautar sata da shigar da shanu kiwo sun yi nasu ɓarnar. Raƙumin dawa ya ƙare a dajin, haka maraya da kyarkeci. Zaki kuwa ya yi ƙarancin da duk wanda ya yi maka alkawarin za ka gan shi, to kuɗinka yake so. Dattijon da ya je a shekarun 1970 ya koma yanzu, in ya ce daji ya rame, ba ni da bakin musa masa.

Sai dai rama daban, mutuwa daban. Har yanzu Yankari na riƙe da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Nijeriya, waɗanda ake ƙiyasta yawansu tsakanin 100 zuwa 150. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar kan sintirin masu gadin daji, har an sanya wa wasu giwayen abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam. Wanda kuma yake shakkar akwai giwa a Yankari, ba sai ya tambayi masana ba. Ya tsaya a ƙauyukan da ke gefen dajin a ƙaramar hukumar Alƙaleri, ya tambayi manomin da garke ya ratsa gonarsa da kaka. Zai ji bayani har ya gaji. Ban da giwa akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, mugun dawa, dorina da kada, ga tsuntsaye fiye da iri 350.

Abin da ya rage shi ne sanin lokacin da ake ganinsu, kuma a nan ne yawancin tafiye-tafiyenmu ke lalacewa tun ba a bar gida ba. Mu kan zaɓi ranar da ta yi mana daidai, ba ranar da ta yi wa dajin daidai ba. Da damina da farkon kaka ciyawa ta fi mutum tsawo, ganye ya rufe ko'ina, kowane kwari da ruwa a kwance. Dabba ba ta da dalilin zuwa wuri guda. Tana iya kasancewa taku ashirin daga motarka ba ka sani ba. Daji ya yi kyau, kore shar, amma kyan nasa ne yake ɓoye abin da ka zo gani, ga ƙudan tsando, ga hanyoyi sun jiƙe. Da hunturu abin ya fara sauƙi, ciyawa ta bushe, sai dai hazo ya kan rage nisan gani. Amma daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da tafkuna suka ƙafe, bishiyoyi suka kaɗe, komai na dajin sai ya tattaro zuwa kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar gandun kuma ba ya ƙafewa. Giwa guda tana shan ruwa fiye da lita 100 a yini. Ba ta da zaɓi, dole ta sauko fadama. Wato watannin da muke gudun fita saboda zafin bazara, su ne watannin da dajin ke buɗe ƙofarsa. Mai son ganin giwa sai ya yarda ya yi gumi.

Bayan wata, sai sa'a. Namun daji da sanyin safiya suke motsi, da kuma bayan la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. Mai je-ka-dawo daga Kano, ko Kaduna, ko Maiduguri, duka lokutan biyu a kan kwalta suke riskarsa. Shi ya sa nake cewa gajeriyar ziyara zuwa Yankari ba ta yini guda ba ce, ta kwana guda ce. Ka iso da rana, ka huta, ka fita zagayen yamma. Ka kwana a sansani, ka yi asuba, ka bi motar farko tun rana ba ta ɗago ba. Ka dawo ka karya, ka yi wanka a ruwan Wikki kafin jama'a su cika, ka kama hanya da hantsi, ka isa gida da sauran haske. Kwana ɗaya tak ka ƙara, amma ka samu fita biyu a lokutan da suka dace, maimakon fita ɗaya a lokacin da bai dace ba. Ko a hakan ban ce lallai sai ka ga giwa ba. Daji ba ya rantsuwa. Amma ka buga ƙofa lokacin da masu gida ke tsakar gida.

Akwai kuma halinmu a cikin motar, wanda ba kasafai muke son a faɗa ba. Mutum goma sha biyar, wannan na waya, wancan na ba da labarin siyasa, yara na ihu, wani ya kunna waƙa. Gwanki yana jin wannan tun daga nesa, kuma ba don wauta ya kai yau da rai ba. Ɗan rakiyar da aka haɗa ku da shi ya san sawu, ya san kashin giwa na jiya da na yau, ya san reshen da aka karya da safen nan. In an yi shiru an saurare shi, tafiyar kan zama karatu. In kuwa kowa na tambayarsa "ina zakin?" kamar shi ya ɓoye shi, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, a zaga a dawo.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne, masu cewa babu komai ba su taɓa tambayar abin da ke dajin ban da dabbobi ba. Kafin a keɓe Yankari mutane sun zauna a cikinsa, kuma sun bar shaida. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa da hannu a jikin dutse, aka sa musu sunan Baturen da ya yi bincike a kansu a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey fiye da 130, waɗanda aka haƙa a haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai kufan matoyar tama a Shau Shau, inda gomman rahoniyoyin narka ƙarfe ke tsaye har yau, da zane-zanen da ke jikin Tunga Dutse. A sansanin kansa akwai ɗan gidan tarihi mai ɗauke da haure da fatu da ƙasusuwa, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. Malamin da ya kai ɗalibai ya dawo da su ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bai kamata ya ɗora wa daji laifi ba.

Su kansu biran da ruwan da ake rainawa, a yi musu adalci. Ruwan Wikki daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har kana ganin yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa na nan a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Shiga cikinsa da sassafe a watan Janairu, kana ganin tururi na tashi, abu ne da ba a mantawa da wuri. Biran kuwa, bika ne manya, kuma ba su da kunya ko kaɗan. Sun san leda, sun san kular abinci, sun san ƙofar da ba a kulle ba. A gabana wani ya fizge ledar burodi daga hannun wata baiwar Allah, ya haye rufin ɗaki yana ci yana kallonta. Kada a ba su abinci, kada a bar yaro da abin ci a hannu, a rufe taga. Amma a zauna a kalle su na rabin awa, yadda uwa ke goyon ɗanta, yadda babban namiji ke tsawata wa matasa. Yaran da na sani sun fi ba da labarin wannan a kan komai.

Na san za a ce kwana kuɗi ne, kuma ba kowa ke da hali ba. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya zuba mai na tafiyar kilomita 800, zuwa da dawowa, ya riga ya kashe kaso mafi tsoka. Kuɗin ɗaki shi ne ɗan cikon da zai sa wancan ya yi amfani. Masaukin sansanin hawa-hawa ne, har da ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma wanda ya kauce wa ranakun Salla da Kirsimeti zai fi samun wuri da natsuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a nemi ɗaki tun daga gida, a tambayi lokacin fitar motar zagaye, a tambayi halin da hanya ke ciki a makon, a cika tanki a Bauchi, a riƙe tsabar kuɗi da ruwan sha da hula. In kuma yaro ya kafe sai ya ga raƙumin dawa da jakin dawa, ba Yankari za a kai shi ba. Gandun Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, nan cikin jihar Bauchi, shi aka kawo wa irinsu daga Namibiya a 2006.

Ga dattijona da sauran 'yan uwa masu wannan magana, roƙona ɗaya ne. Ku sake komawa sau ɗaya, a watan Maris, a tsakiyar mako, ku kwana, ku fita da asuba. In kun dawo kun ce babu komai sai birai, zan karɓa hannu bibbiyu. Kafin nan, in wani ya zo neman shawara, ku faɗa masa watan da kuka je da ƙarfen da kuka shiga, ku bar shi ya yanke wa kansa.