Kwamfutar da na kusa ba 'yan gwangwan

Na dawo daga aikin dare, na tarar da ɗana mai shekara 15 gaban tsohuwar kwamfutar teburin babansa. Rubutu na ta gudu a baƙin allo, fanka na gurnani. Nan take na ce ta kamu da cuta. Mu ma'aikatan jinya, komai cuta muke gani.

Ashe Python yake ginawa, yaren da yake son koyon rubuta manhaja da shi. Tun daga Python 3.9 aka daina yin wanda zai hau Windows 7, sai yaron ya sa mata Linux, ya sauko da asalin rubutun, wanda aka yi da yaren C. Umarnin ./configure ya duba kayan aikin da na'urar ke da su, make kuma ya shiga mayar da rubutun abin da za ta iya gudanarwa. A nan ne tsohuwa ke haki.

Ana tsaka aka ɗauke wuta. Gabana ya faɗi.

"Umma, kwantar da hankalinki," ya ce. "Abin da ya dahu ya dahu, daga inda ya tsaya zai ɗora."

Haka kuwa aka yi bayan la'asar. 'Yan uwa, jiya ɗan gwangwan ya yi sallama, na aika a ce masa na fasa.