Masaukan Hanyar Dutsen Eberest

A ƙasar Nepal, arewa da Indiya, akwai dutsen da ya fi dukan duwatsun duniya tsawo, watau Eberest. Tsawonsa ya fi ƙafa 29,000. A shekarar 1953 aka fara hawa ƙwanƙolinsa, Edmund Hillary da Tenzing Norgay su ne suka hau. Yanzu kuwa kowace shekara baƙi dubbai su kan tafi ganin gindinsa.

In za ka tafi, jirgin sama zai sauke ka a wani ƙauye wai shi Lukla. Daga nan sai tafiyar ƙasa, kamar mil 40, a kan yi kwana takwas. Kaya kuwa 'yan alaro ke ɗauka, da wani irin sa mai dogon gashi, ana ce da shi yak.

Mutanen ƙauyukan nan, Sherpa ke nan, sun gina masaukai a kowane zango. Babban zangon shi ne Namche, inda kasuwa ke ci ran Asabar. Kuɗin ɗaki kaɗan ne, amma da sharaɗi: inda ka kwana nan za ka ci abinci, gama daga abinci mai gida ke samun riba. Abincin kuwa yawanci shinkafa ne da miyar wake, ko dankali. Ko yaushe ka ƙara hawa sai kuɗinsa ya ƙaru, don an ɗauko shi daga nesa.

Ɗakin kwana ba wuta. Da maraice baƙi su kan taru a zaure su kewaye murhun ƙarfe. A can sama itatuwa ba su tsirowa, saboda haka busasshen kashin yak a ke ƙonawa.

To, ga abin da ya fi muhimmanci. Iskar bisa ba ta ƙosar da numfashi kamar ta ƙasa. Wanda ya yi gaggawar hawa sai ciwon kai ya kama shi, da amai, har wani ya kan mutu. Don haka matafiya su kan kwana biyu a Namche, jikinsu ya saba. Bayan ka wuce ƙafa 10,000, kada makwancinka na yau ya ɗara na jiya da fiye da ƙafa 1,500. In ciwon ya tsananta, maganinsa sauka nan da nan, ko da dare ne. Ƙarfi da ƙuruciya ba su tsare mutum daga wannan ciwo, sai haƙuri.