Lalle: Kin San Bishiyar Da Ke Ƙawata Hannunki?

'Yar uwa, babu budurwar da ba ta san lalle a tafin hannu ba, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa a gindinsa suka shaƙi ƙamshin furensa. To matso kusa ki ji.

Lalle 'yar gajeriyar bishiya ce mai yawan rassa, tsawonta kan kai mita 2 zuwa 6. Ganyenta ƙanana ne, suna fitowa bibbiyu suna fuskantar juna a jikin reshe. In ta tsufa bakin rassanta kan yi tsini kamar ƙaya, shi ya sa ake dasa ta a yi shinge. Tana son zafin rana, tana kuma jure fari. Masana tsirrai sun raɗa mata suna Lawsonia inermis tun 1753.

Furenta kuwa ƙanana ne, farare ko masu ɗan ja, suna fitowa cunkus a ƙarshen reshe, ga ƙamshi mai sanyaya zuciya, har a Indiya turare ake yi da shi. In furen ya kaɗe sai 'ya'ya su fito, ƙanana kewayayyu cike da iri.

Amma jan da kike so ba a furen yake ba, a ganyen yake. Akwai wani sinadari a ciki mai kama fata da farce da gashi, kuma inda fata ta fi kauri nan ya fi kamawa, kamar tafin hannu da ƙafa. Shi ya sa ƙunshi ke son haƙuri: a kwana da shi, ya ƙara nuna cikin kwana 2, ya koɗe bayan mako 2 zuwa 3.

A nan ne nake so ki buɗe kunne. Lalle na asali ba ya yin baƙi wuluk. Wanda ke baƙi nan take galibi an zuba masa sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda kan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, har ya bar tabo. Ko na asalin ma kada a sa wa jariri, don yana iya fasa ƙwayoyin jinin wasu yara.

Don haka in biki ko Sallah ta matso, ki tambayi mai ƙunshi abin da ta kwaɓa kafin ki miƙa mata hannu. Kwalliyar kwana ɗaya kada ta bar miki tabon shekaru.